Jar Sanarwar da Ta Ƙi Sauka Daga Shafinmu

Ranakun aiki da yawa sun shige mini ba su bar komai ba, amma ban taɓa mantawa da ranar da na ce wa mudir ɗinmu, wato manaja, a cire sanarwar korona daga shafin kamfani ba. Ku da kuka shigo bayanmu kun tarar da shafin fes, ba ku san an taɓa ɗaga murya a kansa ba. Tun da a kaina aikin ya faɗo, bari in gaya muku yadda aka yi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Yusha'u. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, kakana ne ya taho daga ƙasar Kano ya yi aikin hajji ya zauna. Ni ke kula da shafin intanet na kamfanin nan tun muna ƙaramin ofis a saman bene a unguwar Shisha, nan cikin Makka. Aikinmu kun san shi: mu nema wa masu Umra masauki, mu ɗauko su daga filin jirgi na Jidda, mu kai su ziyara. Yawancinsu daga Najeriya da Nijar da Chadi suke zuwa.

Sai na ɗan yi bayani saboda waɗanda ba fannin kwamfuta suke ba. Mafi yawan masu shigowa shafinmu ba su san sunanmu ba. Mutum yana zaune a Gusau ko Damagaram, sai ya rubuta a wayarsa cewa yana neman masauki kusa da Harami, injin bincike ya jero masa shafuka, ya danna wanda ya ga dama. In namu ya danna, mun samu baƙo ke nan. Akwai rahoton da ke nuna mini yawan irin waɗannan baƙin, da shafin da suka sauka, da garin da suke. Da wannan rahoton ake auna aikina. In ya hau, kasuwa ce ta yi kyau. In ya sauka, Yusha'u ne bai yi aiki ba.

A shekarar da aka dakatar da Umra saboda annoba, daga baya aka buɗe da sharuɗɗa, mudir ɗinmu na lokacin, Ustaz Jamil, ya tsaya a kaina ya shifta mini sanarwa. Mudir dai shi ne manaja, shi ne na biyu bayan mai kamfani. Aka saka ta cikin jan akwati a saman kowane shafi, da Larabci da Hausa da Turanci. Ta ce a sa takunkumi, a ba da tazara, a zo da takardar gwaji. Layin ƙarshe kuma ya ce kamfani ba ya karɓar waɗanda suka manyanta sosai har sai hukuma ta sassauta. A lokacin gaskiya ce tsantsa, kuma ta yi amfani. Duniya duk tana neman sanin sharuɗɗan shiga Makka, saboda haka baƙinmu suka ƙaru ƙwarai, ko da yake karatu kawai suke yi su fita, ba mai kama ɗaki.

Ustaz Jamil ya ga rahoto ya hau, ya ga jan akwati, sai ya ɗaura musu aure a zuciyarsa.

Annoba ta lafa. Aka cire alamomin tazara daga Harami, sahu ya koma kafaɗa da kafaɗa, tsofaffi suka dawo ɗawafi a kekunansu. Mu kanmu a ofis mun manta inda muka jefa takunkumanmu. Amma jan akwati yana nan a saman shafi yana gargaɗin duniya. Ramadan ya zo ya wuce, hajji ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, yana nan.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Ustaza Maimuna, shugabar sashen kama ɗakuna. Iyayenta ta Sudan suka biyo, ta girme ni, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ita ke amsa wayar ejan-ejan ɗinmu. Wata safiya ta zo teburina ta ajiye waya da ƙarfi.

"Ƙanena," ta ce, "wani ejan ya kira ni daga Maraɗi yana tambayar asibitin da za a yi wa mutanensa gwajin korona. Na ce masa an daina tuntuni. Ya ce to me ya sa muka rubuta da ja? Me zan ce masa? In ce ado ne?"

Na ce zan yi magana da mudir. Ranar ce nake ce muku ban manta ba.

Ustaz Jamil ɗan Hausawa ne kamar mu, a unguwar Mansur ta nan Makka ya tashi, amma a ofis Larabci yake yi. Hausa ba ta fito masa sai in ransa ya ɓaci ko yana cin abinci. Na shiga na gaishe shi, na ce, "Ustaz, sanarwar korona ta tsufa. Ina ganin a cire ta."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce a sayar da ginin. Da Hausa ya amsa, nan na san na taɓo wuri.

"A cire? Ya Yusha'u, ka san abin da akwatin nan ya yi mana? Kafin shi wa ya san mu? Injin bincike ya saba da mu da shi. Ka cire, ya zo bai gane mu ba, ya wuce. Kai za ka biya albashin ma'aikata?"

Na ce injin ba launi yake dubawa ba. Ya ce ina na san abin da yake dubawa, na taɓa zama da shi? Gaskiya ban taɓa ba. Kuma in faɗa muku tsakani da Allah, ni ma ba ni da tabbas. Kalmomin da ke cikin sanarwar suna iya jawo wasu masu bincike, cire su na iya rage wani abu. Zato nake yi, shi ma zato yake yi, sai dai nasa zaton yana da ofis mai ƙofa.

Sai na kawo shawarar gwaji. Na ce shafukanmu suna da yawa: na otal-otal, na motoci, na ziyara. A raba su gida biyu masu kama da juna. A cire sanarwar daga gida ɗaya, a bar ta a ɗayan, kada a taɓa komai bayan haka. A jira injin bincike ya sake zagayowa ya karanta su, sannan a duba. In waɗanda aka cire wa sun faɗi ƙasa da 'yan'uwansu, mudir ya yi gaskiya. In ba su faɗi ba, a sauke akwatin baki ɗaya.

Kalmar gwaji ta burge shi. Ya mayar da tabarau ya koma Larabci. Ya ce tayyib, wato to madalla, amma babban al'amari irin wannan ba a yin sa sai da kwamiti.

Aka kafa kwamiti. Shi ne shugaba, Ustaza Maimuna mamba, ni sakatare kuma mai aikin duka. Zaman farko ya ƙare a kan sunan kwamitin. Mudir yana son a kira shi Kwamitin Kare Martabar Shafi, Ustaza Maimuna ta ce sai dai Kwamitin Tsabtace Shafi. Aka kira azahar ba a daidaita ba. A zama na biyu aka zo rabon shafuka, mudir ya ce duk manyan otal da ke kusa da Harami a bar musu sanarwa, a cire wa ƙananan na can nesa waɗanda dama ba mai neman su. Na ce in aka yi haka an gama gwaji tun ba a fara ba. Na ce sai dai ƙuri'a: a haɗa kowane shafi da tsaransa, babba da babba, ƙarami da ƙarami, a jefa a ga wanda za a cire wa. Ya yarda da sharaɗin shi zai jefa. Duk lokacin da ƙuri'a ta faɗa kan otal ɗin da yake ƙauna, sai ya ce hannunsa ya zame, a sake. Ustaza Maimuna ta ce in ya sake zamewa ita za ta riƙe masa shi. Haka dai muka samu aka raba.

Na cire akwatin daga rabin shafuka. Na roƙe su abu guda: kada kowa ya yi wani abu, a bar shafukan su yi rayuwarsu. Duka biyun suka ce ai wannan ba sai an faɗa ba.

Da farko shiru. Mudir yana leƙowa safe da yamma yana tambaya ko sun fara faɗuwa. Ina ce masa injin bai gama zagayowa ba. Yana cewa wane irin inji ne wannan mai tafiyar tsohon jaki.

Can sai na ga abin mamaki. Shafukan da ke da sanarwa suka fara hawa, hawa mai ƙarfi, ba a lokacin kasuwa ba. Mudir ya shigo da fara'a ya sa aka kawo wa kowa shayi da madara. Ban gama mamakin wannan ba sai waɗanda aka cire wa su ma suka tashi, har suka kamo na farko. Ustaza Maimuna ta wuce ta gaban ofishinsa tana waƙa ƙasa-ƙasa. Washegari na mudir suka sake wucewa. Bayan nan nata suka rama. Na zauna ina kallon layuka biyu suna tsere, amma wayar kama ɗaki ba ta ƙara ko kira ɗaya ba. Na duba garuruwan da baƙin suke, sai na ga kusan duk ƙarin daga Makka yake. Na ce ikon Allah, me mutanen Makka ke nema da masauki a Makka?

Amsar ba a kwamfuta na same ta ba. Wata ranar Alhamis bayan la'asar na biya Mansur in sayi tsire in kai gida. Akwai Malam Idi mai tsire, dattijo ne da ya san iyayenmu duka. Yana barbaɗa yaji ya dube ni ya ce, "Yusha'u, ai kun gode mini. Yau ma na danna muku har ɗan yatsana ya yi tsami."

Na ce, "Baba, me ka danna mana?"

Ya goge hannu ya ciro waya. Ya ce Jamil ne ya turo saƙo a zauren hira na unguwa, wai a taimaka wa kamfanin ɗan'uwa: a rubuta sunan otal kaza da kaza a wurin bincike, in shafinmu ya fito a danna, a yi ta maimaitawa, Allah zai ba da lada. Ya ce ana nan ana yi sai ga matarsa, shi Malam Idin, da wani saƙon daga zauren mata, daga Maimuna, da wasu otal ɗin daban.

"To ni ban san wanne ne sahihi ba," in ji shi, "sai nake yin duka biyun. Na Jamil da safe, na Maimuna in na tashi kasuwa. Kowa ɗana ne, ba zan nuna bambanci ba."

Wani mai jiran tsire a gefena ya ce shi ma yana yi, har ya koya wa surukarsa. Ya tambaye ni ko gaskiya ne duk wanda ya fi dannawa za a kai shi ziyarar Madina kyauta. Na ce ban ji wannan ba tukuna. Na karɓi tsirena na tafi, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Ranar Lahadi da aka dawo aiki na nemi kwamiti ya zauna. Na faɗi abin da na gani ba tare da na kama suna ba. Mudir ya ce shi bai san komai ba, amma in jama'a da kansu sun ga dama sun nuna ƙauna ga sanarwa, wannan ma ai sakamako ne. Ustaza Maimuna ta ce ita ma ba ta san komai ba, sai dai ta ji an fara, kuma ba za ta zauna a yi wa shafukanta taron dangi ba. Na ce ba shafukanta ba ne, ba kuma nasa ba ne, ƙuri'a ce ta raba. Ba wanda ya saurare ni.

Na ce to daga yau duk baƙon da ya shigo daga Makka ba zan ƙirga shi ba, kuma za a fara lissafi sabo.

Mudir ya ce, "Jidda fa?"

Na ce har Jidda, har Madina, har Ɗa'if, duk ƙasar.

Ya ce, "Tambaya kawai na yi."

Ustaza Maimuna ta buɗe baki, na san 'yan'uwanta na Sudan za ta tambaya, sai ta fasa. Cikin 'yan kwanaki danne-dannen ya mutu. Malam Idi ya ce mini ya ji daɗi, dama abin ya fara shiga masa lokacin lazimi.

Aka sake jira, wannan karon da gaske. Na bar gwajin ya daɗe har ya ratsa lokacin da kasuwa ke tashi da lokacin da take kwanciya, don kada a ce sa'a ce. Da na tattara sakamako, sai ga layukan nan biyu suna tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya. In wannan ya hau wancan ya hau, in ya sauka ya sauka. Ɗan bambancin da ke tsakaninsu bai wuce wanda dama ake gani kafin a taɓa komai ba. Injin bincike bai damu da jan akwatinmu ba, ko yana nan ko ba ya nan.

Na yi murna. Na ɗauka magana ta ƙare. Na haska sakamakon a bango, na yi bayani dalla-dalla, na rufe da cewa babu bambanci.

Ustaza Maimuna ta ce, "Alhamdu lillahi. Tun da ba ya amfanar komai, a cire."

Mudir ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun da ba ya cutar da komai, a bar shi."

Na tuna masa alkawarin da aka yi tun farko. Ya ce an yi alkawari a kan in sun faɗi ko ba su faɗi ba, ba a yi a kan babu bambanci ba. Na ce ai babu bambanci shi ne ba su faɗi ba. Ya ce wannan fassarata ce. Sannan ya ba da umarni: tun da gwaji ya ƙare, a mayar da komai yadda yake kafin gwaji. Wato in mayar da akwatin a kan shafukan da na cire wa. Da zan fita ya ƙara da cewa zai duba yadda zai rubuta wannan a takardar auna ma'aikata ta ƙarshen shekara, domin an ɓata watanni ana neman abin da aka gano babu shi. A lokacin kwantiragina ta kusa sabuntawa, kuma matata tana da tsohon ciki. Na koma teburina na mayar da jan akwati a kan kowane shafi da hannuna. Ustaza Maimuna ta daina yi mini magana, wai na cika sanyi.

Mai kamfanin, Ammi Ɗahiru, bai san ana wannan ba. Ammi muke ce masa, wato baffa. Dattijo ne mai haƙuri, ya bar wa mudir ofis, shi yana can wajen masu otal da masu motoci. Ba ya buɗe shafinmu, ya ce ganin hoton ɗakin da ya riga ya sani ba zai ƙara masa komai ba.

Wata safiya muna zaune sai muka ji lif ya buɗe, ga Ammi Ɗahiru yana tura keken guragu da kansa. A ciki wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da farin mayafi da carbi, idonta tar. Fuskarsa kuwa ban taɓa ganin ta haka ba. Ya ce kowa ya fito. Ya ce wannan Inna Kulu ce, ƙanwar mahaifiyarsa, daga Sakkwato. Ita ta goya shi yana jariri kafin iyayensa su taho. Jiya a wajen wata walima a Mansur ya ji ana cewa tana gari, ta yi Umra har ta kusa komawa, kuma a hannun wani kamfani ta sauka. Ya je ya same ta, ya roƙe ta ta dawo wurinsa, ta ce ba inda za ta sai an kai ta ta ga wanda ya yi rubutun.

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, sannan ta ce, "Wane na mai rubutun ga na ja?"

Mudir ya dube ni, na dubi allon kwamfuta. Ammi ya ce in buɗe shafin. Na buɗe. Ya sa na karanta na Hausar da ƙarfi. Na karanta takunkumi, na karanta tazara, na karanta takardar gwaji. Da na iso layin tsofaffi muryata ta yi ƙasa. Ta ce in ɗaga, kunnenta ba shi da kyau. Na ɗaga.

"To shi na," ta ce. "Abin da ɗiyata ta karanta min ke nan."

Ta ba da labari ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce tun da aka buɗe hanya take son zuwa. 'Yarta malamar makaranta ce, ita ta duba shafin Ɗahiru ta ga an ce ban da tsofaffi. Sai ta ce a jira. Bayan watanni aka sake dubawa, yana nan. Azumi ya zo, ƙawayenta biyu da suka yi niyya tare suka tafi ta wani wuri suka dawo, ita tana jiran Ɗahiru ya sassauta. Ɗaya daga cikinsu ma ta rasu bara. Daga baya wani ejan ya ce musu ai dokar ta daɗe da tashi. Sai ta ce to in doka ta tashi amma Ɗahiru bai sauke tasa ba, ke nan shi ne ba ya son wahalar tsofaffi, kuma tana da ƙafar da ba ta takawa. Ta biya wasu suka kawo ta.

Ammi ya ce, "Inna, me ya hana ki kira ni? Waya ɗaya fa."

Ta ce, "In kira ka in ce mi? In ce ka karya dokarka sabili da ni? Ka ji kunyata ka amsa, ranka bai so ba? Ni ba ni yin haka ga ɗana."

Ammi ya juya baya yana gyara rawanin kansa, ya daɗe yana gyarawa.

Mudir ya matso ya tattaro Hausarsa mafi kyau. Ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Ai mun yi bincike a kan sanarwar nan, bincike na ilimi, da kwamiti. An gano ba ta cutar da kowa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wa kuka tambaya?"

Ya ce ba mutane ake tambaya ba, inji ne ke ƙirgawa.

Ta ce, "To ni injin bai zo gidana ba."

Ammi Ɗahiru ya juyo ya tambaye ni tsawon lokacin da cire abin zai ɗauka. Na ce kafin shayi ya huce. Ya ce, "Cire." Mudir ya fara cewa bisa tsari sai kwamiti ya zauna, Ammi ya ɗaga masa hannu kawai. Na zauna na cire daga kowane shafi, a harsunan uku. Inna Kulu ta sa aka tura kekenta har gaban allon, ta ce in nuna mata wurin da jan yake da. Na nuna. Ta ce a kira 'yarta a Sakkwato ta duba daga can, don ba ta yarda da abin da aka nuna mata a ɗakin masu abin ba. Aka kira, 'yar ta duba ta ce babu. Sannan ta yarda a ɗauko kayanta.

Sauran kwanakinta a masaukinmu ta yi su, a ɗakin da ke kallon Harami. Ammi da kansa ya tura ta ɗawafin bankwana. Ustaza Maimuna ta riƙa kai mata kunu da safe, kuma a nan ne ta huce da ni.

A ƙarshen wata mudir ya rubuta rahoto zuwa ga mai kamfani. Ni na buga shi, shi ya sa na san abin da ke ciki. Ya ce an sauke sanarwar annoba bisa sakamakon gwajin ilimi da hukumar gudanarwa ta tsara ta kuma jagoranta, wanda ya tabbatar da hangen nesanta. Sunan Inna Kulu bai fito ba. Nawa ya fito sau ɗaya, a wurin wanda ya buga. Amma an sabunta mini kwantiragi, kuma a takardar auna ma'aikata ya rubuta cewa ina da haƙuri. Da kasuwa ta kwanta bayan hajji, kamar yadda take yi kowace shekara, ya leƙo ya tambaye ni ko za a iya saka ɗan ƙaramin akwati kore, ba rubutu a ciki, don dai injin ya ga wani abu a wurin. Na ce sai an tambayi Ammi. Bai sake tayar da maganar ba. Yanzu yana Jidda da nasa kamfanin, muna gaisawa, mutumin kirki ne in ba a ofis ba.

Abin da na koya a wannan aikin ba shi ne gwaji banza ne ba. Gwajin ya yi daidai, ya amsa abin da aka tambaye shi, kuma har gobe in za ku canza wani abu babba a shafi, ku raba ku gwada, kada ku yi zato. Ku dai sani cewa in mutane biyu sun riga sun yanke hukunci, sakamako ɗaya zai ishe su duka biyun, kowa ya ɗauki rabinsa. Ku kuma sani rahoton da nake bugun ƙirji da shi masu shigowa yake ƙirgawa. Wanda ya shigo ya karanta ya yarda da mu ya juya a hankali, a rahoto baƙo ne kamar kowa, har murna muke yi da shi. Mutanen da muke yi wa hidima kuwa yawancinsu irin Inna Kulu ne: in ka rubuta a ƙofarka kada su shigo, ba za su ƙwanƙwasa su tambaye ka ko da gaske kake ba. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini sanarwa a saka a shafi, ko mudir ne ko mai kamfani, ba na taɓa kwamfuta sai ya gaya mini ranar da za a sauke ta da wanda zai sauke.